Kayan nutson marigayi Yaya, me zan iya yi da su a gida?

Baban Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Jiya muka buɗe akwatunan da aka kawo daga Fatakwal, na marigayi Yaya. A cikin rabona akwai kayan aikinsa na nutso: silindar oksijin guda 2, regileta (na'urar da ke rage matsin iskar silinda don a iya shaƙa) da tiyoyinta, gilashin fuska, rigar roba, bel mai dalma, tocila, da wani ɗan akwati cike da zobban roba da giris. Ina tunanin in yi amfani da su a yashe rijiyar gidanmu kafin damina, sauran kuma ko akwai abin da za su yi a gida. Ina neman shawara.

Maman Sadiq: Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.

Alaramma: Amin. Amma an raba gadon kuwa, ko dai ɗauka ka yi? Akwai marayu a ciki.

Baban Ikram: An raba, Malam. An yi wa kayan kuɗi aka cire a kasona.

Alaramma: Wa ya yi musu kuɗin? A duk Kano wa ya san farashin kayan shiga teku?

Ɗan Warri: Malam a bari in fara gyara kalma ɗaya, don ita ce ke kashe mutane. Baban Ikram, abin da ke cikin silindar nan ba oksijin ba ne. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka danna ta, oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100 kamar ta tsakar gidanka. Kada wani ya zo ya ce a ara masa don mara lafiya, ba za ta amfane shi da komai ba. Kuma kada ka kai ta wurin masu walda su cika maka da nasu oksijin ɗin. Oksijin zalla idan ya haɗu da maiƙo a ƙarƙashin matsi wuta yake kamawa nan take. Na yi shekaru ina wannan aiki a ruwan Escravos na Jihar Delta, na san me nake faɗa.

Anti Nas: Na gode Alhaji. Wannan maganar ta mara lafiya a riƙe ta da kyau.

Bazazzagi: Ni dai gilashin nake so. Uwargida ta ce albasa ta ishe ta.

Maman Sadiq: Wallahi yana aiki, tunda har hanci yake rufewa. Ka saya mata kawai.

Injiniya: Abin da zai fi yi maka amfani kullum shi ne akwatin zobban nan, ba silindar ba. Famfon da ke ɗiga, haɗin tiyon injin wanki, murfin tocila, duk zobe ɗaya ne ya mutu a ciki. Ka auna ka sa sabo, ka shafa masa ɗan giris ɗin nan na silikon, kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Kada ka sa Vaseline, yana kumbura wasu robobin su lalace. A tukunyar gas ne kawai ban yarda ka sa kowane zobe ba, can sai nata.

Sabo Famfo: Ku bar maganar famfo tukuna. Baban Ikram, don girman Allah ka cire rijiyar nan daga ranka. Shekara 3 ke nan da abin da zan faɗa, kuma har yau ban daina ganinsa a barci ba. An kira ni wani gida a yashe rijiya, ruwan ya yi laka. Muka ga janye ruwan da guga zai cinye mana yini, sai muka ɗaure injin jan ruwa mai fetur da igiya muka zura shi ciki, don tiyon bai kai ƙasa ba. Ya yi aiki kamar rabin awa, muka kashe shi muka jawo. Yarona, wanda mahaifiyarsa ta damƙa min shi da hannunta ya koyi sana'a, ya ce Oga bari in sauka. Na ce sauka. Ko igiya ban ɗaura masa a ƙugu ba, don ya saba, ya shiga rijiya ta fi 50. Ya kai ƙasa, ya cika guga ɗaya, na biyun sai na ji shiru. Na leƙa na gan shi a zaune ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Kafin in yi wani tunani ɗan masu gidan ya kama igiya ya bi shi, shi ma yana isa ya zube. Ni maƙwabta ne suka rirriƙe ni, da na zama na uku. 'Yan kwana-kwana suka zo da nasu kayan numfashin suka fito da su. Ɗan masu gidan ya farfaɗo a asibiti. Yarona bai tashi ba. Likita ya ce hayaƙin injin ne ya taru a ƙasa, irin wanda ba shi da wari ba shi da launi, irin na janareto da ke kashe mutane a ɗaki. Ni na je na gaya wa mahaifiyarsa. Tun daga ranar ban ƙara zura inji mai fetur a rami ba, kuma ba mai sauka sai da igiya a jikinsa da mutum biyu a sama.

Maman Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alaramma: Allah ya gafarta masa, ya ba ka haƙuri Sabo.

Baban Ikram: Allah ya jiƙansa. Amma Sabo, ai shi ya sa na ga kamar silindar za ta taimaka, tunda da iskarka za ka sauka.

Ɗan Warri: A'a ƙanena. Na kwana-kwana fuska gaba ɗaya yake rufewa. Namu kuwa roba ce kake cizawa a baki, kana suma za ta faɗi. Ga silindar cike ta fi kilo 15, ka goya ta a rami mai faɗin hannu biyu, ta ina za a jawo ka? Sannan idan akwai ruwa a ciki ga wani haɗarin da ba a gani. Duk mita 10 na ruwa matsin yana ƙaruwa da bar 1 (bar ma'aunin matsi ne). Ka shaƙi iskar silinda a ƙasa, ka firgita ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta buɗe a ƙirjinka ta yaga huhu. Ba sai teku ba, zurfin da bai kai mita 2 ba ya isa. Darasin farko da ake koya mana ke nan, kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda bai yi horo ba kada ya sa regileta a baki a cikin ruwa, ko a kududdufi ne.

Bazazzagi: To mu a gida fitilar ƙwai ake zurawa, in ta mutu ba a sauka.

Injiniya: Fitila ƙarancin oksijin kawai take nunawa. Hayaƙin inji zai kashe mutum tana ci lafiya lau. A shadda kuma kada ma a kusanta da wuta, iskar ciki tana kamawa.

Bazazzagi: Kanawa dai ba a faɗa muku abu ku ce haka ne.

Injiniya: Ni Bakatsine ne, ka nemi abokin wasanka.

Mai Zaure: A koma kan magana don Allah.

Ɗan Warri: Silindar tana da amfaninta a tudu. Irin ta alminiyon da aka fi sani lita 11 ce, ana cika ta bar 200, wato kusan 3,000 a ma'aunin mai faci, shi kuwa 32 ko 35 yake sa maka a taya. Kan regiletar yana sauke matsin zuwa wajen bar 10. Akwai ɗan baki da ake ɗaurawa a ƙaramin tiyon, da shi za ka ba taya iska, cika ɗaya ya ishi taya fiye da 20. Da shi nake hure ƙurar hunturu daga radiyeta da fanka da matatar iskar janareto. Amma ta tiyon regileta kawai, kada ka buɗe kan silinda tsirara ka kara wani abu. Kada a nuna wa fata ko ido ko kunne, kuma a nisanta yara, wasa da iska mai matsi yana kai mutum kabari.

Injiniya: Tambayar ita ce idan ta ƙare ina zai cika? Injin mai faci ko bar 15 ba ya kaiwa.

Ɗan Warri: Gaskiyarka, nan ne matsalar. Sai injin da aka yi don iskar numfashi, mai matatu. Shi ya sa nake cewa kada ya ƙarar da ita tas, ya bar kamar bar 30 a ciki don kada danshi ya shiga. Baban Ikram, duba kafaɗar silindar kusa da wuya, akwai wata da shekara da aka buga a jikin ƙarfen. Duk shekara 5 ake gwada ƙarfinta da ruwa, duk shekara kuma a leƙa cikinta. Turo min hoto. Kuma ka ɗauke ta daga rana, kada ka bar ta a but ɗin mota a zafin nan na Afrilu. Ka kwantar da ita ko ka ɗaure, idan ta faɗi kan ya karye bango ma ba ya tare ta.

Baban Ikram: To Alhaji, bari in dawo daga masallaci. A soro suke yanzu, ɗaya ma yara suka mayar da ita kujera.

Anti Nas: Yara? To dalmar fa, ina take?

Baban Ikram: Na ba Maman Ikram guda biyu tana tokare ƙofa.

Anti Nas: Yaya ka ɗauke su yanzu, ba sai ka dawo ba. Yaro mai rarrafe zai taɓa ya sa hannu a baki. Kun manta Zamfara a 2010? Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kada a narka ta a gida, kada a danne tiyo da ita a tankin ruwa. Ka ƙulle a leda ka ajiye inda hannu ba ya kaiwa, a wanke hannun yaran da sabulu, a goge wurin da tsumma mai jiƙa.

Maman Sadiq: Ni da har zan ce a ba ni ɗaya in riƙa danne murfin tukunya. Allah ya tsare.

Sabo Famfo: Rigar robar kuwa ka yanka min gwiwoyin in ta tsufa. Masu tayil suna neman irinta.

Ɗan Warri: In ba ta tsage ba kada a yanka, tana da kuɗi. A wanke da ruwa zalla a shanya a inuwa, rana ce ke cinye ta. Abu biyu kuma da na kawo gida daga aikin nan har iyalina suka koya. Ruwan sabulu a kan haɗin tukunyar gas duk ranar da aka sauya ta, in ya yi kumfa akwai yoyo, ba ashana ba. Sai ruwan khal da aka sirka rabi da rabi, da shi muke cire tsatsar kore a ƙarfen regileta, shi nake jiƙa kan shawa idan ya toshe da farin gishirin ruwan burtsatse. Ai regiletar nutso da ta gas 'yan uwa ne. Wanda ya ƙera ta tare da shahararren mai nutso Jacques Cousteau a Faransa a 1943, Émile Gagnan, daga regiletar motoci masu aiki da gas ya ɗauko dabarar, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya hana Faransawa fetur.

Bazazzagi: Alhaji kana can lokacin da aka ciro mutumin nan mai dafa abinci daga jirgi?

Ɗan Warri: Harrison Okene. Ba na cikin waɗanda suka sauka, amma duk wanda ke ruwan a 2013 ya san labarin. Jirgin Jascon-4 ya kife a watan Mayu, ya nutse kusan mita 30, shi kuma ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Gawa aka je nema, sai hannu ya kamo mai nutson. Ko da aka same shi ba a fito da shi sama kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin rage matsi. Daga baya shi ma ya koyi aikin nutso.

Alaramma: Allahu Akbar. Wanda kwanansa bai ƙare ba. Har yanzu dai ba a ba ni amsar wanda ya yi wa kayan kuɗi ba.

Baban Ikram: Kawunmu ne, Malam. Zan kira ka bayan isha'i.

Maman Sadiq: Tocilar fa? In ba ka so ina so, wutarmu kwana 4 ke nan.

Ɗan Warri: Ki riƙa kunna ta a ƙaramin haske, Hajiya. Wasunsu ruwa ne ke sanyaya su, a tudu zafi suke yi.

Bazazzagi: Gilashin dai nawa zan bayar?