Don Allah mi za mu ce ma "eshantiyon" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum ƴan uwa. Gobe ƙarfe 8 na safe shirina zai shiga radiyo, hira ce da wani injiniya kan duba ingancin kankaren gada, da Faransanci ya yi ta. Ya ce ba a iya gwada kankaren duka, sai a ɗibi kaɗan a zuba cikin gwangwani mai faɗin santimita 16 tsawo 32, in ya kama a aje cikin ruwa, a matse wani a labo, wato ɗakin gwaji, ran kwana 7 wani ran kwana 28 har ya fashe, da shi za a yi ma sauran hukunci. Wanga da aka ɗiba mi sunanshi?

Baban Nana: Samfur mana, kowa ya san shi.

Ɗan Gobir: Wane kowa? Ingilishi ne aka lanƙwasa, tsohuwata a Tibiri ba ta san shi ba. Ɗanɗano dai, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli ke ba ka.

Injiniya: Malam ɗanɗano da gyara, don mai kaya shi ke zaɓo maka mai kyau, alhali nan ba a yarda ɗan kwangila ya nuna inda za a ɗiba. Ka ga mai sayen gero a babbar kasuwa in ya soka ma buhu ƙarfe, ba ya tsayawa kan buhun da aka turo mishi gaba. Kuma guda ba ya isa, galibi uku ake ɗiba, in ana neman ƙarfin kankaren ya kai 25 wani ya ba da 32 wani 18 to akwai matsala ko da matsakaicin ya kai.

Baban Nana: To siminti da kankare fa, Hausar Gobir ce? Ku Faransanci ke cin ku kuna ganin laifin Kano.

Ɗan Gobir: Aron da ya zama dole daban. Muna da kalma a gida mu tafi bara?

Injiniya: Ilimin duba ingancin kaya ta hanyar lissafi ma ba na Faransa ba ne, wani masani Shewhart ya assasa shi a Amurka a 1924. Ku taimaki yarinyar nan dare na yi.

Mai fassara: Na gode Baba. In na ce ɗibar gwaji, a ɗiba kan mai uwa da wabi?

Injiniya: Ɗibar gwaji ta yi. Na biyun cire shi ƴata, magina za su ji kamar a yi da ka ne, alhali tun kafin zuba kankare ake tsara sau nawa za a ɗiba. Ce ba tare da zaɓe ba.

Ɗan Gobir: Sa haka nan tunda lokaci ya ƙure. Amma ni har gobe ɗanɗano.