Yadda ya kamata a karanta alƙaluman bunƙasar tattalin arzikin Najeriya

Shawarar da ta fi rinjaye a wata tattaunawa da aka yi kan bunƙasar tattalin arzikin Najeriya ita ce kada a yanke hukunci da alƙaluman shekara guda, domin tattalin arzikin da ya riƙa bunƙasa da fiye da kashi 6 cikin ɗari a mafi yawan shekarun 2003 zuwa 2014 shi ne ya durƙushe a 2016 bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai. Mahalarta sun nace a riƙa gwada bunƙasar da ƙaruwar jama'a, wadda ta haura kashi 2 a shekara, don tuwon kan ƙaru kaɗan alhali hannuwa sun yi yawa a akushi. An kuma ja kunne game da sabunta lissafin girman tattalin arzikin ƙasar da aka yi a 2014, wanda ya ɗora Najeriya kan Afirka ta Kudu a takarda kawai, ba tare da aljihun mai awo a kasuwar Dawanau ya shaida ba.