Ikwalaiza ta tana ban wahala, murya ba ta fita tar

Mai_Sauti: Slm ƴan uwa, don Allah ina da ikwalaiza (na'urar daidaita sauti) dijital mai memori, in na ɗaga bas sai murya ta shige ciki kamar ana magana a cikin randa, in na ƙara tirebul kuma sifika ta kama kuka. Ya zan yi?

Injiniya_B: Wslm. Fara maida komai sifili tukunna ka saurara. Dushewar nan yawanci tsakanin 200 zuwa 400Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) take, rage wajen da 3dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) kawai za ka ji bambanci, ni dai ragewa na fi yarda da ita akan ƙarawa don ƙarawa na cinye gen ɗinka, wato sararin ƙarfin sautin da ya rage maka, har sauti ya fara fashewa. In murya bata fito ba sai ka ɗan taɓa wajen 3kHz kaɗan.

Uwar_Gida22: Kukan nan makirufo ne ke jin sifika. Nemo inda yake kukan, ka ƙara Q (shi ke saita faɗin wajen da za ka taɓa) ya matse siriri sai ka yanke shi, kar ka kwashe tirebul gaba ɗaya.

Mai_Sauti: Na gode sosai. To in na kashe ikwalaizar saitin zai goge?

Injiniya_B: Wasu na'urorin na mantawa, danna STORE ka zaɓi lamba ka ajiye, gobe RECALL kawai. Ka riƙa danna BYPASS (yana tsallake ikwalaizar) kana gwadawa da sautin asali.