Saura mako 18 in shiga gudun fanfalaki na farko, ina neman shawara

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi rajistar shiga gasar gudun fanfalaki a karon farko, kuma saura mako 18 a yi ta. Shekarata 36, na kusa shekara biyu ina gudu sau uku a mako, kuma a watannin baya na kammala rabin zango, wato kilomita 21 da ɗoriya, cikin awa 2 da minti 5. Tun daga lokacin ban sake wuce kilomita 14 a fita ɗaya ba, jimillar abin da nake yi a mako kuwa bai fi kilomita 28 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ko wajibi ne in gwada cikakkiyar kilomita 42 a atisaye kafin ranar gasa, domin hankalina ya ƙi kwanciya da shiga tazarar da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Burina in gama cikin ƙasa da awa 4. Sai kuma gwiwata ta dama, wadda takan fara ciwo ta gefen waje da zarar na kai kilomita 12, amma ta lafa idan na huta. Waɗanda suka riga ni a wannan harka, ku taimaka mini da shawara.

Tsohon Ɗan Gudu:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya ba da sa'a. Bari in fara da abin da ba za ka ji daɗinsa ba, wato batun awa 4. Wanda zai gama cikin awa 4 dole ne ya riƙa cinye kowace kilomita cikin minti 5 da daƙiƙa 41, tun daga farko har ƙarshe. Kai kuwa a rabin zangon da ka yi, kilomitarka tana ɗaukar kimanin minti 5 da daƙiƙa 55. Ka ga ke nan kana neman ka ninka tazarar, kuma ka ƙara sauri a kanta, duk cikin wata huɗu. A ganina awa 4 da rabi ita ce ta dace da kai, wato kimanin minti 6 da daƙiƙa 24 a kilomita, kuma idan ka samu haka a karon farko ka yi abin a yaba maka.

Game da gwada kilomita 42 a atisaye, kada ka yi. Galibin tsare-tsaren da ake ba sababbin shiga suna tsayawa ne a kilomita 30 zuwa 32, saboda abin da mutum zai ƙaru da shi bayan wannan tazarar bai kai ɓarnar da zai yi wa jikinsa ba, ga shi sai ya shafe makonni yana farfaɗowa maimakon ya ci gaba da atisaye. Ka ware rana ɗaya a mako domin dogon gudu, ka fara daga kilomita 14 da kake kai, kana ƙara ɗaya ko biyu duk mako, sannan a kowane mako na huɗu ka rage domin jiki ya huta. Idan ka taɓa kilomita 30 sau biyu kafin gasa, ya wadatar. Ragowar kilomita 10 ko 12 ɗin, hutun da za ka yi kafin ranar da tarin atisayen watanni su ne za su ɗauke ka.

Inda mafi yawanmu ke kuskure shi ne saurin da muke yi a waɗannan dogayen fita. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa abokin gudunka magana cikakkiya ba tare da haki ya katse ka ba, to ka yi sauri da yawa. Ko Eliud Kipchoge, shahararren ɗan gudun Kenya, wanda ya yi cikakkiyar kilomita 42 ɗin cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, mafi yawan gudunsa na mako a hankali yake yinsa idan aka gwada da ƙarfinsa.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗata a gasata ta farko. Aka busa, jama'a suka kwasa, ni ma na bi yarima na sha kiɗa, ina jin jikina wasai kamar ba zan taɓa gajiya ba. Na wuce rabin zango da minti goma gaba da abin da na tsara, har ina yi wa kaina kirari. Ina kaiwa kilomita 33 sai ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu, na koma tafiya ina jan jiki, waɗanda na wuce da safe suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da 'yan gudu ke kira bango. Dalilinsa kuwa shi ne sukarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, yana da iyaka, kuma ga yawancin mutane yakan ƙare ne tsakanin kilomita 30 da 35. Duk yadda ka ƙara sauri da wuri, haka kake ƙona shi da wuri.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Na yarda da abin da Yaya ya faɗa, sai dai ya tsallake batun gwiwa, alhali a wurina shi ne kan gaba. Malam Sabon Shiga, zuciya da huhu suna saurin sabawa da atisaye cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa da gaɓoɓi suna buƙatar lokaci mai tsawo, shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya ishe shi ya ƙara tazara alhali ƙafarsa ba ta shirya ba. Ciwon gefen waje na gwiwa da ke tasowa bayan an yi nisa sau da yawa yana da alaƙa da wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya ta sauka ƙasan gwiwa, kuma raunin tsokokin ƙugu yana cikin abubuwan da ake dangantawa da shi. Amma ba a gane ciwo daga nesa, don haka ka je a duba ka yanzu da sauran lokaci, kada ka bari sai gasa ta ƙarato. Tunda za ka je, ka nemi a auna hawan jininka, a kuma saurari zuciyarka, musamman idan akwai mai ciwon zuciya a danginku.

Ka sanya motsa jiki na ƙarfafa ƙugu da cinya sau biyu a mako, ko da na minti 20 ne. Ciwon da ya sa ka fara ɗingishi, ko wanda ya tsaya a wuri guda a kan ƙashin ƙwauri har kana iya nuna shi da yatsa, ba na daurewa ba ne, na tsayawa ne. Kada kuma ka sha maganin kashe zafi irin su ibuprofen domin ka samu damar gudu, saboda yana rufe ciwon da ke yi maka gargaɗi, kuma yana iya takura ƙoda a lokacin da jiki ke zubar da gumi mai yawa. Ka duba takalminka ma, domin yawanci ƙarfinsu yana raguwa bayan kilomita 500 zuwa 800.

Mai Lissafi:

Ina so in ƙara magana a kan ruwa, saboda sababbin shiga sun fi tsoron ƙishirwa, ba su san yawan shan ruwa ma yana da haɗari ba. Idan mutum ya yi ta ɗirkar ruwa fiye da abin da yake fitarwa, gishirin da ke cikin jininsa yakan ragu, kuma hakan yana iya kaiwa ga ruɗewa da suma, har ma da rasa rai. A wani bincike da aka yi a kan waɗanda suka shiga gasar Boston ta 2002, an samu kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada da wannan matsala, kuma waɗanda suka ɗauki sama da awa 4 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, ka ga kuwa ajinka ke nan. Ka sha gwargwadon ƙishirwarka, kaɗan-kaɗan a wuraren da aka tanada.

Domin jinkirta bangon da aka ambata, ana ba da shawarar a riƙa shigar da giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, a fara tun kafin a ji yunwa. Amma ciki ma sai an koya masa, saboda haka duk abin da za ka yi amfani da shi ranar gasa ka gwada shi a dogon gudunka. Shi wannan bango kuwa ya daɗe yana kayar da mazaje. A gasar Olamfik ta Landan a 1908, wadda daga ita aka samo tazarar kilomita 42.195 da aka tabbatar a 1921, ɗan Italiya Dorando Pietri ne ya fara shiga filin wasa, amma ya yi ta faɗuwa ana tayar da shi, har aka soke nasararsa saboda taimakon da aka yi masa, aka ba Johnny Hayes na Amurka.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Lissafin Yaya ya sanyaya mini jiki, amma gaskiya ce, na haƙura da awa 4. Zan je a duba gwiwar a wannan makon. Abin da ya rage mini shi ne makonnin ƙarshe, domin ina tsoron idan na rage gudu ƙarfin da na tara zai zube.

Tsohon Ɗan Gudu:

Ba zai zube ba ƙanena, kuma wannan tsoron kowa ya yi shi. Dogon gudunka na ƙarshe ya kasance saura mako uku. Daga nan ka rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gudunka na mako, mako na biye ka koma kusan rabi, makon gasa kuwa gajerun fita biyu ko uku sun isa, amma kada ka daina gaba ɗaya. Za ka ji ƙafarka tana ƙaiƙayin gudu, har zuciya ta riƙa raya maka cewa ka ƙara fita ɗaya mai tsawo domin cike giɓi. Kada ka biye mata, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar gasa kada ka sa sabon takalmi, ko sabuwar safa, ko rigar da ba ka taɓa yin nisa da ita ba, ko da ita aka raba wa mahalarta. Ka shafa mai a hammata da tsakanin cinyoyi da kan nono, domin gogayyar tufa ta awa huɗu tana sale fata har ta yi jini, kuma ka yanke farcen ƙafa saura kwana biyu ko uku. Idan barci ya ƙi zuwa a daren gasa kada ka damu, muddin ka samu isasshe a daren da ya gabace shi.

Ka tsaya a layin masu saurinka, ba a gaba ba. A kilomita biyar na farko ka riƙa duba agogonka, idan ka ga minti 6 da rabi ko ma fiye, ka bar shi haka ko da kowa yana wuce ka. Idan ka kai kilomita 32 kana jin akwai sauran ƙarfi, daga nan kana iya sakin ƙafa. Ka dawo ka faɗa mana abin da likita ya ce game da gwiwar, domin shi ne zai nuna ko za ka fara ƙara tazara a mako mai zuwa ko sai an jira.