Ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne: wane ne kwaɗon?

Direban Kanada: Salamu alaikum jama'a. Gidan da nake haya a nan akwai wani ƙaton baho a farfajiya, mai dumama ruwa da kansa yana ɓulɓulowa, irin wanda ake ce wa Jacuzzi. Tuƙin babbar mota nake yi, kullum bayana a riƙe yake. Tunda na fara shiga da daddare ciwon ya lafa, barci kuwa sai an tashe ni. Na tura wa Yayata hoto, abin da ta rubuto kawai shi ne: "Ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne." Gargaɗi ne wannan ko baƙar magana?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Ai maganar ba a kan wanka aka yi ta ba. Wanda ya tsoma kansa cikin abin da ya fi ƙarfinsa ake jefa wa ita, kamar mai tireda ya ce zai kara da manyan Kantin Kwari. Ka lura ba a ce kaza ba, kwaɗo aka ce, gwanin ruwa. Gwanintar ce ke ruɗarsa har ya ɗauka kowane ruwa nasa ne. Yayarka tururi ta gani, maganar ta faɗo mata a baki.

Uwar 'Yan Biyu: Allah gafarta Malam, in haka ne mu mata mun daɗe da ƙaryata karin maganar nan. Haihuwa shida, kowace sai na yi kwana 40 ana fyaɗa min tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, har fata ta saɓule. Ga ni nan garau. Ƙanena, shiga ruwanka.

Malam Na-Zaure: Hajiya, ai ke ba kwaɗo ba ce, an gada miki ne.

Mai Jinya: Hajiya Allah ya ƙara lafiya, amma ba kowa ce ta tsallake ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura masu jego na yawan zuwa asibiti da ciwon zuciya, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama. Suka danganta abin da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, dole zuciya ta ƙara bugu, ga kanwa tana tara ruwa a jiki.

Wannan buɗewar ita ce kuma amfanin da direbanmu ke ji. Jini ya zaga, tsoka ta saki, ruwa ya ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Barcin ma da dalili: in ka fito jiki yakan huce, hucewar ce ke janyo barci, shi ya sa ya fi kyau a shiga awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Sai dai kada zafin ya wuce digiri 40, kada kuma a zarce minti 15 zuwa 20. Mai juna biyu ta haƙura. Mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai yakan ƙone bai sani ba. A miƙe a hankali, don jiri na kayar da mutum.

Ɗan Bauchi: Ni dai na ga inda kwaɗo zai yi wasa. Ku zo Yankari ku ga ruwan Wikki, digiri 31 rani da damina, yara na ta tsalle a ciki. Tambayata ɗaya, "wurin" ake cewa ko "wajen"? Mu "wajen" muka taso muka ji.

Malam Na-Zaure: Duka biyun ana faɗa. Amma ruwan Wikki na ɗumi ne, da ɗumi da zafi ba ɗaya ba, kada ka shigo mana da shi ta taga.

Mai Jinya: Wani abin ma, na Wikki gudana yake, na baho kuwa a tsaye yake makonni. In ba a sa masa sinadarin kulorin ana wanke matatar ba, ƙwayoyin cuta sun sami gida. Akwai mai fesar da ƙuraje, akwai Legionella da ake shaƙa cikin feshin ruwan ta kama huhu. Wa ke kula da naku?

Direban Kanada: Mai gidan ne, ban taɓa tambayarsa ba wallahi. Yanzu na leƙa, a 40 cif ya bar shi, ni kuma nakan yi minti 40 a ciki ina latsa waya. Ran Talata ma da na miƙe sai da na dafa bango, na ɗauka gajiyar hanya ce.

Uwar 'Yan Biyu: To Malam, a nan dai an samu kwaɗon.

Direban Kanada: Na mayar da shi 38. Don Allah kada wanda ya kai wa Yaya labarin bangon nan.