Mu taɓa asusun ko-ta-kwana don kwashe shara?

Ma'ajin Unguwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da kuɗin ƙungiyar unguwarmu a nan Kano. Muna da asusu guda da ba ma taɓawa sai taransifoma ta ƙone ko injin burtsatse ya lalace. To mai tifar da ke kwashe mana shara ya ƙara kuɗi, wai dizal da kayan gyara sun yi tsada, magidanta kuma sun ce ko sisi ba za su ƙara ba. Bola ta fara cin hanya, ga damina ta ƙarato. Shugabanmu ya ce a riƙa cike giɓin daga asusun kafin abubuwa su daidaita. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Ka tambayi shugaban, a wane wata abubuwan za su daidaita? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wane mai mota ne ya koma tsohon farashi? Shara kullum ake yin ta, asusu kuwa sau ɗaya yake ƙarewa. Ka tuna asusun rarar kuɗin mai da aka buɗe a 2004: ya kai kusan dala biliyan 20 a wajajen 2008, aka yi ta ɗiba ana rabawa, a tsakiyar 2022 ko dala rabin miliyan bai kai ba.

Maman Hanifa: Malam Akanta, ku kuna lissafi, mu ke kwana a asibiti da yara. Idan leda ta toshe kwata ruwa ya shigo gidaje, ga sauro ga amai da gudawa, taransifomar za mu sha? A ɗebi kuɗin a kwashe, haba.

Baba Tela: Hajiya tana da gaskiya, amma a raba magana biyu. Tulin da ya taru da yashe magudana kafin ruwa ya sauka, wannan aikin gaggawa ne, a biya daga asusun. A rubuta adadin da watan da za a gama mayarwa, mai unguwa da liman su sa hannu. Kuɗin wata-wata kuwa dole ya fito daga aljihun masu yin sharar. Kuma kar a yi kuɗin goro. Gidan haya mai ɗaki goma da mai shayi ba za su biya daidai da tsohuwa mai zaman kanta ba. Sannan ku rubuta wa ƙaramar hukuma, kwashe shara yana cikin ayyukanta a tsarin mulkin 1999, ku aika wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, kwafi.

Abu Sadik: Mu ma nan Amurka mun ga irinta. Da ƙasar Sin ta daina karɓar yawancin tarkacen roba da takarda a 2018, biranen da ke sayar da su sai suka koma biyan kuɗi a ɗauke musu. Wanda duk ya jingina da asusun ajiya jinkiri kawai ya saya, ƙarin kuɗin yana nan yana jiransa.

Ɗan Jari Bola: Yallaɓai ma'aji, kar wani ya ruɗe ku cewa sayar da roba zai biya tifa. Ƙarfe, gwangwani da gorar ruwa tun da asuba yaranmu sun tsince. Ledar fiya wata ba nauyi, sai ka cika buhuna kafin ka ga kuɗin kirki, jiƙaƙƙiya kuma ba ma so. Abin da ke cika muku mota ƙasar shara ce da toka. Ku ware su gefe guda ba leda a ciki, manoman bayan gari na nemansu su yi taki, sawun tifar ya ragu.

Ma'ajin Unguwa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan kai shawarar Baba taron Asabar bayan tsaftar ƙarshen wata. Malam Akanta, in da hali ka turo min yadda ake rubuta takardar mayar da kuɗin, don shugaban namu ba ya son a ce masa ya sa hannu.