Black Mirror da finafinan kimiyya: abin da aka tsayar a hirar

Hirar da muka yi kan Black Mirror (shirin talabijin mai ƙagaggun labarai kan fasahar zamani) da finafinan kimiyya ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda ba sai an bi jeri ba, tunda kowane kashi labarinsa daban. Amma kada sabon shiga ya fara da kashin farko na 2011, inda aka tilasta wa firaministan Birtaniya aikata abin kunya da alade. Da yawa a nan suka ajiye shirin. Ba na kallo a gaban yara ko surukai ba ne.

2. Kashin Nosedive aka fi ba da shawara a fara da shi. Mutane na ba juna maki ta waya, makin ne ke samar maka gida mai kyau ko kujerar jirgi. Ni ma shi na zaɓa.

3. Kashin San Junipero ya raba kan jama'a. Wasu sun ce ya cancanci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin da ya samu a 2017. Wasu kuma soyayyar mata biyu da batun adana mutum a cikin kwamfuta bayan mutuwarsa bai kwanta musu ba.

4. 'Yan kaɗan na ganin shirin ya rage ɗaci tun komawarsa Netflix a 2016.

5. A finafinai, Interstellar na 2014 ya yi rinjaye, musamman duniyar ruwan nan da awa ɗaya ke daidai da shekara 7 a tamu. Ƙarshensa ne aka yi ta gardama a kai. Arrival kuwa an ce sai mai haƙuri.